Tambayi Anti: "An tura ni ganin likitan ƙwaƙwalwa, me zan tarar a can?"

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na taɓo maganar ciwon damuwa a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu tambaya ɗaya ce da kalmomi daban daban, wato in mutum ya daure ya je asibitin me zai faru da shi bayan an rufo ƙofa. Na ɗauko guda huɗu, na cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

TAMBAYA

Anti barka da aiki, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce shekarata 29 da yara uku, ƙaramin watansa bakwai. Tun da na gama wankan jego ban ƙara jin daidai ba, gabana ya dinga faɗuwa haka kawai, bacci sai ya ɗauke tun ƙarfe biyu na dare in ta juyi har a kira asuba, abinci kaman ina tauna magani, wani lokacin ina ba yaro nono hawaye na zuba ni kaina ban san dalili ba. Na sha maganin taifot da maleriya ya fi sau huɗu, an ce olsa ce na sha nata, an ɗibi jini an yi gwajin zuciya duk aka ce lafiya lau. Shine satin da ya wuce likitar ta ce min ciwon damuwa ne ta rubuta min takarda wai in je ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa za a haɗa ni da wanda zan dinga zama muna magana. Wallahi Anti tun ranar takardar tana cikin jakata ko maigidan ban nuna masa ba. Ni fa ba mahaukaciya ba ce, ina girkina ina kula da yarana. Me za su min a can? Allura za su min ko kwantar da ni za su yi? Kuma in na faɗi wani abu za su gaya wa mijina? Don akwai abubuwan da ko mahaifiyata ban taɓa gaya wa ba.

Maman yara uku, Kano

AMSA

Ƙanwata sannu, Allah ya ba ki lafiya ya raya yaran. Ki ciro takardar nan daga jaka ki je, likitar nan ta miki gata don da yawa sai su ƙara rubuta miki wani maganin taifot ɗin su sallame ki. Abin da kika lissafo, rashin bacci da faɗuwar gaba da kuka da fitar ɗanɗanon abinci bayan haihuwa, sananne ne sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga irin wannan bayan ta haihu. Kinga kenan in kika shiga gidan suna kika ƙirga matan da ke falon ba ke kaɗai ba ce, kowa dai ta ɗaura ɗankwalinta ta yi shiru.

Bari in fara miki da bakin ƙofa don shi ya fi ba mutane tsoro. Ko asibitin Malam Aminu Kano aka tura ki ko na Dawanau, tsarin kusan ɗaya ne da kowane asibiti, ki yi sammako, a yanki kati a buɗe fayil, nas ta auna hawan jini, a zauna a benci a jira layi. Waɗanda za ki gani a bencin nan malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da ɗalibai da tsofaffi masu mantuwa da masu farfaɗiya da suka zo karɓar magani. Eh za ki iya ganin wanda jikinsa ya yi tsanani an riƙo shi, kamar yadda in kin je ɓangaren ƙashi za ki ga mai targaɗe ki ga wanda mota ta take, kar hakan ya sa ki juya. Ki tafi da ruwa da abin da za ki ci da goyonki, don jiran yana iya kaiwa azahar, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutane sama da miliyan 200.

Ma'aikatan kala kala ne kuma yana da kyau ki bambance su. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi cikakken likita ne da ya ƙara karatu a wannan fannin, shi ke gano ciwon ya rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam wanda suke ce wa saikolojis, shi ba ya rubuta magani, aikinsa shi ne zaman maganar da aka ce za a haɗa ki. Sannan akwai nas nas da jami'an walwala masu shiga maganar iyali da kuɗi. A asibitin koyarwa sau da yawa ƙaramin likita ne zai fara ɗaukar bayaninki sannan ya kai wa babba, kuma kina iya tarar da ɗalibai biyu uku a zaune da littafi. Kina da damar ki ce likita dan Allah ina so mu yi magana mu biyu, za a fitar da su, ba rashin kunya ba ne. Haka in kin fi sakewa da mace ki tambaya ko akwai, in kuma likitan ba ya jin Hausa sosai ki nemi nas ta yi tafinta, kar ki yarda ƙanwar miji ko maƙociya ta zama ita ce mai fassara sirrinki.

Zaman farko tambayoyi ne zalla, yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, wani sa'in ya wuce. Yaushe abin ya fara, ya baccinki, ya cin abinci, kin rame, ya haihuwar ta kasance, kin taɓa ɓari, kin taɓa jin irin haka a haihuwar baya, wa ya raine ki, a danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan, ya zamanku da maigida, akwai abokiyar zama, wa ke taya ki aiki, kina shan wani abu don ki samu bacci. Wataƙila a ba ki ko a karanta miki wata takarda mai tambaya 9 a kan yadda kika ji cikin sati biyun da suka wuce, ita ce ma'aunin da za a dinga komawa kai a ga ko ana samun sauƙi. Sai kuma tambayoyin da ke sa mutane su tashi a fusace, kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, kina ganin ana bin ki da sharri, yau wace rana ce, kin taɓa jin gara ki mutu ki huta, kin taɓa tunanin cutar da kanki ko jaririn. Ƙanwata kowa ake yi wa waɗannan, ko farfesa ne ya zauna a kujerar sai an masa, kamar yadda ake auna zafin jikin duk wanda ya shigo. Kuma ki faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mata da yawa masu jego mugun tunani yana faɗo musu, kamar a ce yaron ya suɓuce ya faɗi ko ita ta yar da shi, su tsorata su ɓoye suna ganin sun zama azzalumai, alhali likitocin sun saba jin wannan kuma sun san bambancin tunanin da ke faɗo wa mutum yana ƙyamarsa da wanda ke da haɗari.

Amma abubuwan nan da kika ce ko mahaifiyarki ba ta sani ba, ba dole sai ranar farko ba. Kina iya cewa akwai wani abu da ya faru da ni ina yarinya amma ban shirya faɗa ba tukuna, wanda ya san aikinsa zai rubuta ya wuce, ya jira ki. In kuka ya zo ki yi abinki, ba za a ce ki yi haƙuri ki share hawaye ba, ɗakin nan kuka ya saba gani. In kuma kika ji bakinki ya ɗaure kin kasa cewa komai shi ma ba laifi, shi ya sa nake ba da shawarar tun a gida ki rubuta abin da ke damun ki a takarda ko a waya, ko wannan saƙon da kika turo min ki buɗe ki miƙa masa ya karanta, ya isa a fara da shi.

Maganar sirri. Ƙa'idar aikinsu ita ce abin da kika faɗa ba ya fita sai da izininki, ko miji ne ko uwa. Inda ake karya wannan shi ne in an ga ranki ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta nema, kuma ko a nan sukan fara gaya miki. Ki tambaya da bakinki tun kafin ki fara, likita wa zai ga fayil ɗin nan, in mijina ya zo ya tambaya me za ku ce masa. Ba zan ɓoye miki ba asibitocinmu na gwamnati akwai cunkoso, wani lokacin likita biyu ne a ɗaki ɗaya, ana turo ƙofa ana neman fayil, wannan yana ɓata min rai ƙwarai don wanda ya zo da ciwon damuwa ya cancanci a rufe masa ƙofa. In kika ga haka ki yi ƙasa da murya ki ce wannan maganar ba zan iya yin ta a nan ba, galibi za a nemi wani wurin ko a ba ki wata rana.

Allura da kwanciya kuwa ki cire su a ranki. Mafi yawan masu zuwa ana ganin su ne su koma gida a ranar. Ana kwantar da wanda ya fita hayyacinsa ne ko ake tsoron zai hallaka kansa ko ya daina ci da sha gaba ɗaya. Da can dokar da muke kai ta zamanin Turawa ce, tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 wadda asalinta tun 1916 ne, amma a Janairun 2023 aka sanar shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa kuma kar a wulaƙanta shi saboda ciwonsa. Abin da zai fi yiwuwa a naki shi ne a ƙara gwajin jini a duba ƙarancin jini da kuma ƙwayar maƙogwaro mai kawo maƙoƙo, don ita ma bayan haihuwa takan rikice ta kawo bugun zuciya da rashin bacci, sannan a ce zaman magana kaɗai ko a haɗa da ƙwaya. Ki gaya musu kina shayarwa, akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. Ki kwashi duk abin da kike sha ki tafi da shi, har na gargajiya da na Islamik kemis. In an ba ki maganin damuwa ki sani ba fanadol ba ne, yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kwanakin farko ma yana iya kawo tashin zuciya ko kasala, kuma in kin ji sauƙi ba a yanke shi rana ɗaya, ana ci gaba wata shida ko fiye sannan likita ya dinga ragewa a hankali.

Shi kuma maigida, ke kika san mijinki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ni a ganina in mutum ne mai fahimta ki gaya masa, ki ce likita ta ce ciwon da ke kama mata bayan haihuwa ne kuma yana da magani, in ya yarda ma ya raka ki, ya zauna a waje ki gama taki sannan likita ya kira shi ya masa bayani, don maza da yawa abin da ba su ji daga bakin matansu ba suna ji daga bakin likita, kuma za ki buƙaci wanda zai karɓi yaron nan da dare ki samu bacci. Abu ɗaya kawai, in kafin ranar kika ji tunanin kashe kai ya matsa miki, ko kika fara ji ko ganin abin da babu, ko kwana biyu uku ba ki runtsa ba sam, kar ki jira ranar da aka rubuta, ki gaya wa na kusa da ke a kai ki ɓangaren gaggawa a ranar.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni namiji ne shekara 34, bara masu garkuwa suka tare motarmu na yi kwana 19 a daji kafin 'yan'uwa su haɗa kuɗi. Tun da na dawo ko ƙarar mashin na ji sai jikina ya ɗau rawa, ba na iya hawa babbar hanya, ina yi wa iyalina tsawa a kan abin da bai kai ba. Wani abokina ya matsa min na fara ganin saikolojis, yanzun zuwana uku. Gaskiya Anti abin ƙaruwa yake, duk ranar da na je daren nan sai na yi mafarkin dajin. Kuma shi mutumin ba ya ba ni shawara, sai tambaya, sai ya ba ni wata takarda wai in dinga rubuta abin da na ji kaman ɗan firamare. Kowa a gida cewa yake ka manta kawai Allah ya riga ya kuɓutar da kai. Ina ganin zan daina zuwa, me kika gani?

Wani bawan Allah, Kaduna

AMSA

Ɗan'uwa barka da arziki, Allah ya tsare gaba, ya saka maka abin da aka zalunce ka. Abin da na gani shi ne kar ka daina, amma kuma kar ka koma ka yi shiru, wannan saƙon da ka rubuto min shi ya kamata ka fara gaya masa a zama na huɗu, ka ce malam tun da na fara zuwa mafarkin ya ƙaru kuma ina tunanin dainawa. Ba zai ji haushi ba, wannan bayanin shi yake nema, da shi zai san ko ya yi maka sauri ya ja baya ya fara koya maka yadda za ka saukar da jikinka in rawar ta taso, irin jan numfashi a hankali da dawo da hankali kan abin da ke gabanka, kafin a sake taɓa labarin dajin.

Ƙaruwar da ka ji a farko abu ne da ake sa ran gani ga mutane da yawa. Shekara guda kana danne abin nan kana kauce wa duk abin da zai tuna maka, yanzu an buɗe, kamar gyambon da aka daɗe da naɗewa ne aka zo wankewa, ranar wankin ta fi kowace rana zafi. 'Yan gidanku da ke cewa ka manta suna son ka ne, sai dai ƙwaƙwalwar da ta ga mutuwa ido da ido ba ta mantawa don an ce ta manta, takan zauna cikin shirin gudu kamar har yau kana dajin, shi ya sa mashin ɗin ɗan acaɓa a layinku yake zama mashin ɗinsu a kunnenka. Kuma duk ranar da ka fasa tafiya saboda babbar hanya sai ka ji sanyi a ranka na ɗan lokaci, wannan sanyin shi ke ƙara koya wa ƙwaƙwalwar cewa lallai hanyar mutuwa ce. Aikin zaman shi ne a warware wannan a hankali, a faɗi labarin a wurin da kake cikin aminci har ya koma abin da ya faru bara, sannan a koma hanyar taki taki, yau ka tsaya a tasha kawai, wani satin ka yi tafiyar minti goma da wani naka.

Takardar da ka raina ita ce rabin maganin. Wannan salon wani likita ɗan Amurka mai suna Aaron Beck ya assasa shi a shekarun 1960, bayan ya lura marasa lafiyarsa akwai wasu tunane tunane da ke gilma musu da sauri su ɓata musu rai tun kafin su ankara, irin su laifina ne, ni ba namiji ba ne tunda na yi kuka a gabansu, na talauta dangina. In ba ka rubuta a lokacin ba ba za ka kama su ba, kuma awa ɗaya kake yi da shi a sati, sauran awa 167 kai kaɗai ne da kanka. Rashin ba da shawarar ma da gangan ne, shawara ai ka sha ta a gida da masallaci da majalisa, shi so yake ka gano da kanka inda tunanin ya karkace don ranar da ba ya nan ka iya miƙar da shi. Irin wannan aikin na wanda ya ga tashin hankali yakan ɗauki zama 8 zuwa 12, wani ya fi haka, to zama uku ko rabi ba ka kai ba. Ka tambaye shi kai tsaye, menene tsarinmu, zama nawa kake hasashe, da me za mu gane ana ci gaba. Mai ilimin abin zai amsa maka ba kwana kwana.

Sai dai ba kowane mai zama a kujerar ne ya iya ba, wannan ma gaskiya ce. In yana danna waya kana magana, ko ya ce kai ma da ka bi hanyar da dare, ko ya tilasta ka faɗin abin da ka ce ba ka shirya ba, ko ka ji labarinka a bakin wani, ko kun yi zama shida bakwai ba wani tsari ba wani motsi, ka nemi a canza maka, a Kaduna ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa, ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Canza likita ba butulci ba ne. Kuma dan Allah ka yi nesa da abokan da za su miƙo maka taramol ko maganin tari ko ƙwayar bacci daga kemis wai ka samu sauƙi, mutane da yawa da suka fito daga hannun mutanen nan ta wannan ƙofar suka shiga wani ciwon. In baccin ya gagara ka gaya masa ya haɗa ka da likita. Uwargida ma ka nemi a kira ta zama ɗaya, ta ji daga bakinsa cewa tsawar nan daga ina take, ita ma kwana 19 ɗin nan ba bacci ta yi ba.

TAMBAYA

Anti ni yayata ce ta ce zuwa wurin waɗannan mutanen raunin imani ne, wai mumini ba ya shiga damuwa, in dage da azkar a min ruƙiyya kawai. Ina sallah ina karatu amma abin bai tafi ba, har na fara zargin kaina.

Wata baiwar Allah, Gusau

AMSA

'Yata ki daina zargin kanki. Annabi Yaƙub, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, yana nan a cikin Suratu Yusuf, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Tun fiye da shekara dubu wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana son magani, na farkon kuma ana bi da shi ta hanyar magana da gyara tunani. To wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ba wanda zai ce ki ajiye azkar a asibiti. Za ma a tambaye ki matsayin addini a rayuwarki, in kin ce shi ne ƙarfinki da shi za a yi aiki. Kina iya gaya musu an miki ruƙiyya ko kina zargin sammu ko iska, sun saba ji kullum, wanda ya yi miki dariya a kan haka shi ne bai iya aikinsa ba. Ki haɗa biyun, ki yi addu'arki ki je asibitinki, yadda mai ciwon suga yake yi. Inda nake ja miki kunne shi ne duk wanda ya ce ki zubar da maganin likita, ko za a dake ki don a fitar da aljani, ko a turara miki hayaƙi har ki shiɗe, ko ya ce sai kun keɓe ku biyu. Ba mu manta ba a 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara. Yayarki kuwa ki ce ta raka ki rana ɗaya ta gani da idonta.

TAMBAYA

Anti ni ɗaliba ce ba ni da kuɗin ganin likita mai zaman kansa, na ga wata a Instagram tana cewa tana yin kaunselin, wato zaman magana, ta waya a biya ta duk zama. In gwada?

Ɗaliba, Sakkwato

AMSA

'Yata zama ta waya yana aiki in mai yin ƙwararre ne, matsalar ita ce a intanet kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashin hotonsa. Kafin ki tura ko sisi ki tambaye ta me ta karanta, a wace jami'a, a wane asibiti ta yi horo, in ta ce likita ce tana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, kuma in abu ya yi tsanani ina take tura mutane. In ta ji haushin tambayar ko ta miki alkawarin warkewa cikin sati ɗaya ko kika ga tana ɗora hirar mutane a shafinta ko da ta goge suna, ki bar ta. Kar ki tura hotonki ko wani sirrin da za a iya riƙe ki da shi.

Amma ki fara da abin da ke kusa da ke. Yawancin jami'o'i da kwalejoji suna da ofishin ba ɗalibai shawara da kuma kilinik, kin riga kin biya kuɗinsu cikin rajista, ki je ki ce bacci da damuwa sun hana ki karatu, in abin ya fi ƙarfinsu su za su rubuta miki takarda. Ga asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ga na ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ba nisa, kuɗin kati da ganin likita a can bai kama ƙafar na masu zaman kansu ba. In kin je ki faɗa musu tun farko ke ɗaliba ce kuɗinki kaɗan ne, akwai magunguna masu sauƙin kuɗi da ke aiki, kuma ana iya tsara zuwan ya zama duk sati biyu a ba ki aikin da za ki dinga yi a tsakani. In kuma ta wayar ce ta fi miki, ki nemi lokacin da 'yan ɗakinku suka tafi lakca, ki sa abin kunne, ki tabbatar da caji da data tun kafin lokacin, kuma ki bar wa kanki ko rabin awa bayan an gama kafin ki shiga aji.